Na Sa Agogo Ya Yi Ƙarya

Edita, a shekarun da aka bar fam aka koma naira, ina ɗan shekara talatin da ɗoriya, ni ne heluman masu matsa a wata ƙaramar masana'antar man gyaɗa a Kazaure, wato shugaban ma'aikata goma sha biyu. Mutumin Roni ne ni. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina ji da kaina, don a wurin babu mai iya karanta agogo da rubuta lamba kamar ni. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya ɗauko ni daga gona ya koya mini aikin, har na zo na wuce shi aka ɗora ni a kansa, bai taɓa nuna mini ƙyashi ba. Halina ɗaya da ya cuce ni shi ne zargi. Ko gaisuwa mutum ya tsawaita mini sai na tsaya ina neman abin da yake so.

Aikin namu hawa huɗu ne. A ɓare gyaɗa, a soya, a markaɗa, sannan a kawo mana mu matse mai mu fitar da tunkuza. Injin matsa uku muke da su, na hannu, kowanne mutum huɗu ke juya ƙarfensa. Matsalar da ta hana mai gida barci ita ce aikin ba ya tafiya daidai. Wata rana da hantsi sai ka gan mu zaune babu abin matsawa, kafin la'asar kuma markaɗe ya taru ya yi tsibi, ya huce, man ya ƙi fita. Alhajin da ke da wurin kuwa da hantsi yake zagayowa, don haka kullum a zaune yake samun yarana. Ga kuɗin man fetur sun shigo ƙasar, man gwangwani na waje ya fara cika kasuwa, ransa a ɓace yake. Ya faɗa a gabana cewa idan abin bai gyaru ba, daga masu matsa zai fara rage mutane.

Ana cikin haka ya kawo wani malamin lissafi, mutumin wajen Filato, Kirista, mai koyarwa a wata sakandare, wai zai duba inda aikin ke maƙalewa. Ni dai tun ranar farko na ce da walakin, goro a miya. Mutum bai san ƙanshin gyaɗar da ta soyu ba, bai taɓa riƙe ƙarfen matsa ba, sai yawo da littafi yana zana akwatuna da kibiyoyi yana cika su da lambobi. Ya yi mini bayani da Hausarsa mai kyau cewa wurin nan kamar magudanar ruwa yake, abin da ya faru a sama shi ke bayyana a ƙasa bayan wani lokaci, kuma idan ya san tsawon lokacin da kowane hawa ke ci, zai iya gina masana'antar a kan takarda ya gwada gyara iri-iri ba tare da an ɓata ko kwano ɗaya ba. Na gyaɗa kai, amma a raina cewa na yi Alhaji ya rasa yadda zai kore mu ne ya ɗauko baƙo ya yi masa aikin.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, bayan mako biyu malamin ya ce washegarin kasuwa za mu zauna har azahar ba aiki, sannan markaɗe zai taru mana kafin la'asar. Haka kuwa aka yi, kamar ya gani a mafarki. Ya ce ba wani abin ɓoye ba ne, gyaɗar kasuwa da ɗan danshinta take zuwa, tana daɗewa a kasko, sai ta fito a lokaci ɗaya. Wa zai saurare shi? Ma'aikata suka sa masa suna Mai Hisabi, suna nufin irin masu duba da lambobi. Wasu suka ce da aljanu yake aiki. Ni ban yarda da aljanun ba, nawa zargin ya fi nasu muni: na ce ya haɗa baki da masu suya ne suka jinkirta wuta don maganarsa ta tabbata. Biri kuwa ya yi kama da mutum, don na gan shi yana cin ƙosai tare da shugabansu.

Sai ga shi ya zo ya miƙo mini agogo da takarda, ya roƙe ni in riƙa rubuta lokacin da kowane zubi ke ci a injin matsa, daga zuba markaɗe zuwa kwashe tunkuza, har tsawon wata guda. Ya ce ni kaɗai ya amince wa a sashen. Wannan kalma ta amincewa ita ta fi tsorata ni. Na ce wato da hannuna yake so in rubuta takardar korar mutanena. Zubi ɗaya minti arba'in yake ci, wani lokaci har da ɗoriya idan hannu ya gaji. Na yi tunanin idan Alhaji ya ga arba'in zai ce ragwaye ne. Sai na riƙa rubuta ashirin da biyar, yau in ƙara ɗaya, gobe in rage biyu don kada a gane. Wallahi a lokacin ji nake ni gwarzo ne, na tsare wa mutum goma sha biyu abincinsu.

Sau uku malamin yana dawowa wurina. Ya ce lissafin ya ƙi zama, lambobin kowane sashe sun yarda da juna ban da nawa. Ya ce in da gaske zubi ashirin da biyar yake ci, da markaɗe bai taɓa taruwa a gabanmu ba. Ya tambaya a hankali ko agogon ne ke jinkiri, ko kuwa ina fara ƙirga a makare. Yanzu na gane ƙofa yake buɗe mini in fita ba tare da kunya ba. A lokacin kuwa sai na ɗauka tarko ne, na tashi masa da faɗa, na ce ko don ni ba ɗan jami'a ba ne yake ganin ban iya duba agogo ba. Ya ba ni haƙuri ya tafi.

Ranar da aka kira mu gaban Alhaji, malamin ya shimfiɗa takardu biyu. Ya ce ta farko da lambobina aka yi ta, kuma bisa ga su injin matsa biyu sun isa. Ya ce amma bai yarda da ita ba, ta biyun ita ce abin da shi ya gano da kansa, yana roƙo a saurare ta. Sai a lokacin na ga inda ƙaryata ta nufa: na nuna yarana suna da sauri har lissafi ya ce sun yi yawa. Alhaji bai ko kalli takarda ta biyu ba. Ya juyo ya tambaye ni ko abin da na rubuta gaskiya ne. Kalma ɗaya ta isa ta ceci kowa, amma na tuna matsayina, na tuna kunyar a ce heluma ya yi ƙarya a gaban baƙo. Na rantse cewa abin da agogo ya nuna na rubuta. Alhaji ya ce to shi ba zai bar rantsuwar helumansa ya bi ƙiyasin malami ba.

A ƙarshen makon aka rufe inji ɗaya aka sallami mutum huɗu, aka fara da manya. Kawuna na cikinsu. Ya naɗe tabarmarsa ya kama hannuna ya ce kada in sa damuwa a raina, ya san na yi iya ƙoƙarina, wannan aikin Mai Hisabi ne. Na ce masa haka ne, Kawu. Gudun gara na yi, na jefa mu gidan zago.

Mutum takwas suka kasa aikin, markaɗe ya riƙa kwana yana lalacewa. Alhaji ya ɗora laifin a kan malamin, ya ce lissafinsa na banza ne, ya sallame shi, ya kuma ƙi dawo da waɗanda ya kora don kada a ce ya yi kuskure. Ranar da malamin zai tafi ya same ni a bakin rumfa ya karɓi agogonsa, ya ba ni takardar nan ta biyu a ninke. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi in duba idan na sami lokaci, ya san tsoro ne ya sa ni, ba mugunta ba. Da na buɗe na ga daga yawan gyaɗar da ke shiga da garwar man da ke fita ya gano lokacin zubi da kansa: minti arba'in da ɗaya. A ƙasa ya rubuta shawararsa da Hausa, cewa a riƙa shanya gyaɗar kasuwa kwana ɗaya, a kuma ƙara injin matsa na huɗu. Wato ba ragi gaskiya za ta jawo mana ba, ƙarin mutum huɗu ne.

Kawu ya koma Roni noma da ƙarfin da ya riga ya ƙare a kan ƙarfen matsa, ga damina ta yi ta gardama a shekarun. Ina kai masa hatsi duk sallah yana sa mini albarka, yana ce wa mutane ni ne ɗan halak. Duk lokacin da aka tuna masana'antar sai ya ce Allah ya isa tsakaninsa da Mai Hisabi, ni kuma in sunkuyar da kai. Har ya rasu ban iya faɗa masa gaskiya ba. Malamin kuwa na nemi labarinsa daga baya, aka ce an yi masa canjin wurin aiki, babu wanda ya san inda.

Na rubuto ne don masu hali irin nawa. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to nawa ma bai zama gaskiyar ba. Idan an kawo muku mai ilimin da ba ku gane ba, ku tambaye shi har ku gane, kada ku yanke masa hukunci don ba ɗan garinku ba ne. Idan kuma an ba ku amanar rubuta abin da ido ya gani, ku rubuta shi yadda yake ko da kuna ganin zai cuce ku, don ba ku san inda lambar za ta je ta tsaya ba. Takardar tana nan cikin akwatina, ta yi ja ta fara yagewa a wajen ninki. Allah ya isan da Kawu ya yi ta ja shekara da shekaru, malamin bai ji ko ɗaya ba. Ni ne nake zaune a gaban Kawu ina cewa amin.