Mahaifar Mai Bokiti

Matso ki zauna, 'yar'uwa. Wadda zan ba ki labarinta wata takwas ta yi zama bai yi mata daɗi ba, tsayuwa ma haka.

Mai Bokiti ake ce mata a asibitin, don shekara tara ke nan tana goge ɗakin haihuwa. Bokiti biyu cike da ruwa take hawa bene da su, sau shida a yini. Bayan haihuwarta ta biyar ta koma aiki da wuri, sai ta fara jin nauyi a ƙasanta, kamar wani abu na neman faɗowa. In ta yi tari, fitsari ya ɗigo. Wata rana ta shafa, sai ta ji tsoka a bakin gabanta.

Kullum sai ta goge ƙofar likitar mata, amma shiga? Ina! Tsoronta kada a ce ta gaza, a ba wata aikin. Sai ta samo tsohon zani ta tamke cikinta tamau, wai ya riƙe abin.

Rannan babbar nas ta gan ta jingine da bango tana sauya ƙafa.

"Ke Mai Bokiti, rawa kike koyo?"

"Sista, bari kawai."

"Ba zan bari ba. Wannan ɗauri kamar buhun da za a loda a mota fa?"

Ta ja ta har gaban likita. Likita ta duba, ta ce mahaifa ce ta zazzago, naman da ke tallafe da ita ya saki.

"Yaya, ɗaurin nan ƙasa yake ƙara tura ta, kwance shi. Zan koya miki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari, amma shi kaɗai ba zai ishe ki ba. Akwai zoben roba da ake sawa ya tokare ta, kina zuwa muna dubawa. Tiyata ta fi ɗorewa in kin gama haihuwa, sai dai sati shida ba ke ba ɗaga kaya."

"Sati shida? Kafin in dawo an ba wata tsummana!"

Zoben ta zaɓa. Sista ta maido ta hawan ƙasa, rabin bokiti kawai take ɗauka. Nauyin ya ragu, amma har yau in ta zo ƙofar ɗakin tiyata takan tsaya, ta leƙa, ta wuce, ta dawo.

Da ke ce, za ki shiga, ki ga ko aikin zai jira ki?