Kwaɗo a Kowace Ƙofa

Mai Tifa ake ce masa, har matarsa ma haka take kiransa in ranta ya ɓaci. Da shebur ya fara aikin shara, yana loda juji a bayan mota, har tsohon direban ya rasu aka miƙa masa sitiyari. Bai sake shi ba har furfura ta cika masa kai. Mutum ne mai tsabta ta ban haushi, takalmin aikinsa bai taɓa tsallake bakin ƙofa ba.

Farkon aurensu a gefen tsohon jujin gari suka kama haya. Hayaƙin roba da ke tashi ba dare ba rana shi ya cinye ƙirjin matar. In fuka ta taso mata, sai ka rantse shaƙe ta ake yi. Shi ya sa ya kwashe ta zuwa bayan gari, kusa da wani rami da aka taɓa haƙar tsakuwa, ya gina ɗaki biyu da hannunsa. Takardar fili kam babu, amma akwai iska mai kyau, matar ta fara barci a kwance maimakon a zaune. Tela ya biyo shi, mai faci ya biyo tela, a hankali wurin ya zama unguwa, Mai Tifa ne babbanta.

Da tsohon juji ya cika, hukuma ta ce wannan karon ba da ka za a zaɓi sabon wuri ba. Aka kawo wata injiniya da kwamfutarta. Za a auna nisan hanya da zurfin ruwan ƙasa da yawan mutanen da ke zaune kusa, na'ura ta haɗa, ta nuna inda cutarwa ta fi ƙaranci. Duk wannan Mai Tifa bai sani ba. Abin da ya tsinta a gareji kawai shi ne wasu za su zagaya bayan gari ƙirgar gidaje.

Shi kuwa a saninsa ba a ƙirga gidan talaka don alheri. Ya ga unguwannin da aka ƙirga aka shafa wa jan fenti, a motarsa aka kwashe ɓaraguzansu. Sai ya tara maƙwabta.

"Ranar da za su zo, kowa ya sa kwaɗo a ƙofarsa ya bar unguwa," in ji shi. "A kwashe shanya, a ɗauke kaji. In ba su ga kowa ba, wa za su ba notis?"

Tela ya ce, "To Baba, in suka yi tambaya fa?"

"Wa za su tambaya, bango?"

Aka kwashe da dariya. Haka kuwa aka yi. Masu ƙirga suka zo, suka ƙwanƙwasa, suka gaji, suka tafi. Mai Tifa ya sha yabo har kansa ya yi girma.

Bayan damina aka kira direbobi ofis. Injiniya ta haska taswira a bango, ko'ina ja, sai wuri ɗaya kore, inda za a yi sabon juji. Da kallo ɗaya Mai Tifa ya gane ramin.

"Ranki ya daɗe, ai akwai mutane a wurin nan."

"Baba, da ƙafarmu muka je. Kangaye ne, ko kaza babu. Da akwai mutane da bai zo na ɗaya ba."

"Gidana ne," ya ce. "Ni na ce su ɓuya."

Tausayinsa ya kama ta. Ta ce za ta kai maganar sama, amma an riga an sa hannu, an ma fara share hanya. Ta kai ɗin, ba abin da ya sauya.

Da yake shi ne babban direba, shi aka ba lodin farko, wai don girmamawa. Ya bi ta gaban shagon tela, tela ya kau da kai. Matarsa na tsaye a ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafi. Da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya yi ribas har bakin rami, ya ɗora hannu kan ƙarfen juye kaya, ya kasa ja. A bayansa sauran tifofi sun yi layi har bakin kwalta, suna ta danna masa hon ya yi sauri.