Inna Burul da Ƙwan da Kifi Ya Ƙi Ci

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsu, Inna Burul ta sha shayinta, ta shimfiɗa farin ƙyalle a rumfarta da ke bakin tafkin Isik-Kul. Masunta su kawo ƙwan da suka ciro daga cikin kifi, ita kuma ta wanke, ta barbaɗa gishiri da ɗan sukari, ta shanya a inuwa. In ya yi danƙo sai ta ƙulla shi ƙanana-ƙanana a yadi mai shara-shara, a riƙa maƙala wa ƙugiya. Kowane masunci da launin zarensa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana wannan aiki, yanzu ido ya gaza, ta ce daga bana ta ajiye.

Mu nan, masunci ba ya faɗin inda yake kamu, ko ga matarsa. Amma Inna ba a yi mata ƙarya, don ƙwan da mutum ya nema shi ke tona shi: mai laushi na ruwan gefe ne, mai tauri na zurfi. Duk da haka ba a taɓa jin asirin wani a bakinta ba. Ke ce tukunya mai murfi, Inna, har zuwa kakar da wani masuncinmu, Toktosun, ya ɓata.

Da hantsi ya fita, ya ce wa matarsa Anarkul gabas zai yi. Washegari iska ta koro jirginsa babu kowa ciki. Maza suka ce tunda ya ce gabas, ai yamma ya yi. Suka yi kwana huɗu a yamma, suka koma gabas suka yi huɗu, wayam.

Anarkul ta zo rumfa ta durƙusa. "Inna, ni na daina sa ran yana raye. Kabari nake so, inda zan kai yaran nan."

Inna ta daɗe hannunta na cikin gishiri. Can ta ce, "Ƙwan da ya kwana biyar a gishiri ya karɓa, 'yar nan. Wuri ɗaya ne ke cin irin wannan."

Wurin shi ne Tsohon Gari da tafki ya haɗiye, inda ran da ruwa ya kwanta ake hango bangaye da duwatsun kaburbura a ƙasa. Kifin can manya ne, amma mu ba ma cin su.

Da ta gaya wa Sagin, babban masuntanmu, dariya ya yi. "Haba Inna! Toktosun da ɗan kwikwiyo ke kora ne zai je can? Ki tsaya a gishirinki."

"In cikinka ne ya ɗuri ruwa, ba ni filafilin in tuƙa."

Kunya ta sa shi shiga jirgi, da ƙaninsa, da ita. Da rana tsaka suka isa. Babu iska, babu tsuntsu ko ɗaya, ruwan garau kamar na cikin kwano. Ƙanin Sagin ne ya fara leƙawa. Ga Toktosun can ƙasa a tsaye tsakanin kaburbura, igiyar fatsa ta naɗe masa ƙafa, kansa a sunkuye kamar mai gaida manya. Ƙugiyoyi shida na reto a gefensa, kowace da ƙullinta na koren zarensa. Manyan kifaye na zagaya shi a hankali.

Sagin ya ce ƙasa-ƙasa, "Inna, kwana tara fa. Ba su taɓa ƙwan ba, shi ma ba su taɓa shi ba."

"Jawo shi, ka bar tambaya."

Aka yi masa sutura kafin la'asar. To, ka san halin mutane. Ba a rufa wata ba wasu masunta suka ɗauke ƙafa daga rumfarta, wai bakin tsohuwa ya buɗe. Wannan ya ba ni haushi, har gobe ma yana ba ni. Ita kuwa ba shi ne damuwarta ba. Cewa take, kwana takwas ɗin da ta yi shiru tana kallon Anarkul a bakin ruwa, su ne kayan da za ta ɗauka zuwa lahira.

A'a, Inna. Ke ce kika riƙe amana har ta zame miki garwashi a hannu, kuma ke ce kika san ranar da ya kamata a sake ta. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa idon nan haske. Ku kuma matan bakin ruwa, ku je ku zauna gabanta tun tana iya gane zare, ku koyi gishirin, ku koyi shirun, ku koyi inda shiru ke ƙarewa. Mai shakka ya bi ta maƙabarta ranar Alhamis, zai tarar da yara uku suna cire ciyawa a kan kabarin ubansu.