Birkin Motar Surukina

Ku da kuka shigo aikin nan bana, ku saurara. Akwai wata safiyar Talata a sitonmu na takin zamani da ke hanyar Minjibir wadda har yau in na tuna ta sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A shekarar da fetur ya yi tsada ne, kwanon masara ya gagari talaka. Ni ne mai duba lafiyar injuna. Ƙa'idar ba ta da wuya: kowace safiya, kafin a ɗaga buhu ko ɗaya, sai na bi motocin ɗaga kaya, waɗanda muke kira fokilif. In sa direba ya taka birki a gabana, ya danna hon, ya ɗaga ƙarafan gaba ya sauke, in leƙa ƙasa ko mai na ɗiga. Sannan in sa hannu a fom. Wadda ta gaza, in zare makullinta.

Motoci uku ne, ta ukun kuwa surukina ke tuƙa ta, mahaifin matata Hauwa. Mutumin da ko a kasuwa muka haɗu sai na durƙusa, kaina a ƙasa. Ta yaya zan tsaya a kansa in ce, “Taka birki in gani”? Wallahi bakina ya ƙi. Sai na ɓullo da dabara: in gaishe shi daga nesa, in zagaya bayan motar kamar mai duba wani abu, in sa hannu. Wata biyu ina wannan shirme.

Ran nan damina ta kankama, manoma sun cika ƙofar sito da babura da amalanke suna jiran taki. Baba, wato surukin nawa, ya ɗauko buhuna a motarsa ya biyo gangaren ƙofa. Ya taka birki, ƙafa ta shige har ƙasa. Motar ta tafi ta matse Garba ɗan dako da bango, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Mutum mai 'ya'ya shida, kuma da ƙafar nan yake ciyar da su.

Manaja ya kira mu ofis, ya ajiye fom a tebur.

“Malam Isa, sa hannunka ne wannan?”

Na ce nawa ne.

“Ka gwada birkin?”

Baba ne ya yi magana, bai ko dube ni ba.

“Ranka ya daɗe, kwana goma ke nan ina jin birkin ya yi laushi. Kullum ina jira ya ce in taka, ya gani da idonsa. Ni kuma nauyi nake ji in tari mijin 'yata da maganar, kamar ina nuna masa bai san aikinsa ba.”

Innalillahi! Ashe ina jin kunyarsa, yana jin kunyata, man birki kuwa yana ta tsiyaya.

An dakatar da ni wata guda, Baba kuma aka sauke shi daga mota. Da na je dubiya asibiti, Garba ya kama hannuna ya ce, “Kada ka damu, Malam Isa, haka Allah ya rubuta.” Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na fito ina hawaye.

To, in kun ga ina sa dattijo sa'an ubana ya taka birki sau uku, kada ku ce ba ni da tarbiyya. Mutanenmu masu kunya ne, ƙarfe kuwa bai san suruki ba. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka miƙe ka ce ya taka. Garba har yau da sanda yake zuwa masallaci.