Saƙo Biyu da Na Danne a Kan Binuwai

Har in koma ga Allah ba zan manta da safiyar da na danne saƙon wata abokiyar aiki a jirgin bincike a kan kogin Binuwai ba. Ku da kuke zaune a ofis a nan Jalingo kuna tsaki don bidiyo ya tsaya, ku matso ku ji.

Damina ce, cikin watan Agusta. An tura mu daga Lau mu auna zurfin kogi da yadda ruwa ke tasowa, ni ne jami'in sadarwa. Inda muke aiki babu sabis na waya ko ɗigo. Faranti ne a rufin jirgi mai kama tauraron ɗan'adam, datar kuma kamar gishirin miya. Kowa zai rubuta imel ɗinsa a kwamfuta guda, saƙonni su yi layi, ƙarfe bakwai na safe in kunna na minti goma in tura. Rahoton ofis ne farko, sannan na iyali, layi biyar kowa, ban da hoto. Ba na karanta na kowa. Adireshi kawai nake gani. Akwai kuma doka da duk muka sa wa hannu: wanda ya fitar da awon kogi kafin hedikwata ta tantance, a bakin aikinsa.

Madam Rifkatu ce mai ɗaukar awo, mace mara surutu, ta daɗe tana jiran ƙarin girma kuma ya zo mata kusa. Sai na lura da wani abu. Kowa yana rubuta wa gida kullum, ita kuwa sai ranar da ruwa ya motsa. Adireshin ɗaya ne, sunan namiji, ba kuwa na mijinta ba. Na ce a raina, a'a, ruwa ba ya tsami banza. Dama masu haƙar yashi sun sha zagayo mu da kwalekwale suna neman a nuna musu inda kogi ya tara yashi, kuma na taɓa ganin ta tana magana da ɗayansu da yarensu. Shi ke nan, na yanke hukunci: sayar musu da awo take yi.

Wata Talata na wuce ta bayanta tana rubutu, na hango lambobi. Tana ganina ta sauke murfin kwamfuta.

"Malam Sale, don Allah ka tura wannan yau, kar ya kwana," ta ce.

"To, Madam," na ce. Wallahi wannan roƙon ne ya ƙara tabbatar mini. Na cire saƙon daga layi na ajiye. Laraba ta sake rubutawa, shi ma na danne. Ranar Alhamis, don kada a ce da hannuna, na saka maganar a shafin sadarwa na rahoton safe, na tura hedikwata, sannan na nufi shugaban tawaga, Dakta Hammanjoda.

"Sale, ka tabbata?" ya ce. "Sunan mutum ba riga ba ce da za a wanke."

"Ranka ya daɗe, a buɗe a gani."

Ya buɗe saƙonnin da na danne. Na farko cewa yake: ruwa ya ƙaru da taku biyu, ku fara yanka. Na biyu: ya ƙaru kuma, ku kwashe shinkafa yau. Nan take aka kira ta.

Ba ta yi musu ba. "Yayana ne, Oga. Hedimasta ne a ƙauyenmu a bakin kogi. Shi yana faɗa a coci, liman yana faɗa a masallaci. Rahotonmu yana tafi hedikwata yana yi sati biyu. Ruwa zai jira sati biyu?" Sai ta juyo gare ni. "Amma ya samu na Talata ai, ko?"

Dole na faɗi gaskiya cewa ni na danne su. Da na gaya mata, sai ta nemi benci ta zauna. Ashe sun yi da yayan nata cewa in bai ga saƙo ba, to ruwa na nan inda yake, kowa ya ci gaba da harkarsa. Shirun da na yi musu na kwana biyu, su a wurinsu cewa na yi lafiya lau.

Dakta da kansa ya sa na kunna faranti da tsakar rana, abin da ba a taɓa yi ba. Saƙon ya isa, amma ruwa ya riga shi. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi, sai dai shinkafar fadamar ƙasa duk ta tafi. Hedikwata kuwa, da ke sati biyu kan rahoto, a kwana ɗaya ta amsa nawa: a sauke ta a Lau. Dakta ya rubuta ya roƙa, aka ce doka doka ce.

Ni na ɗaukar mata jaka zuwa gaɓa, don kunya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi, "Malam Sale, mun ci tuwo kwano ɗaya wata biyu. Da ka tambaye ni."

Da na koma jirgi na ce wa Dakta zan ci gaba da aika wa hedimasta awon ruwa da layi biyar ɗina. Ya kalli kogi ya ce bai ji abin da na faɗa ba. Iyalina a unguwar Majidaɗi ba su sake ji daga gare ni ba har ruwa ya janye.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: mai tsaron ƙofar saƙo adireshi yake gani, ba ya ganin dalili. In zuciyarka ta zargi abokin aiki, fara zuwa wurinsa kafin ka je wurin takarda. Ni na yi ritaya da cikakken girma. Ita har yau ba a mayar da ita ba.