Gashi Babu Zafi

Ta Bakin Wuta ake ce mata a gidan burodin da ke bayan tashar mota, domin tun 'yarta ta fari tana goye take tsaye a gaban tanderun. Da sa burodi a leda ta fara. Wata shekara mai gashin ya yanke jiki ya faɗi ana tsaka da aiki, ƙullu ya kumbura yana neman zubowa daga gwangwanaye, maza suna ta kallon-kallo, ita kuwa ta gyara ɗaurin zane ta matsa gaban wuta. Daga ranar wurin ya zama nata. Mijinta ya rasu tana nan, tsohon mai gidan burodin ya rasu tana nan, aka rushe tanderun ƙasa aka kawo na ƙarfe mai hawa-hawa, duk tana nan. Girarta ta daɗe da ƙonewa. Bayan hannuwanta kuwa duk tabon bakin tire ne, wasu sun yi fari, wasu sun yi baƙi.

Ba ta da yawan magana, kuma ba ta koyar da kowa da baki. Ƙa'idarta guda ce, wadda duk wanda ya taɓa aiki da ita ya sani: ba a sa komai a tanderu sai ya yi zafi. Na ƙarfen yana da agogo mai nuna zafinsa, tana kuma duba shi, amma sai ta buɗe ƙofa ta miƙa bayan hannu kafin hankalinta ya kwanta.

Kafaɗar dama ce ta fara ba ta matsala. Da farko ɗan tsami ne da yamma, daga baya ya zama ko ɗankwali za ta ɗaura sai ta sunkuyar da kai ya je ya sami hannun. Hawa na sama a tanderun ya fi kanta tsayi. Ta koma tura tire da hannun hagu tana tallafawa da goshi, har wata safiya tire ya karkace, burodi ya watse a ƙasa.

Ɗan maigida, wanda yanzu shi ke riƙe da gidan, ya jira sai da aka share wurin sannan ya ja ta gefe. A gabanta ya girma, don haka kansa a ƙasa ya yi maganar.

"Gwaggo, ba sallamar ki zan yi ba, Allah ya sani. Amma yau burodi ne, gobe ƙafarki ce. Ki nemi magani zuwa ƙarshen wata. In hannun bai ɗagu ba, ki koma teburin leda, in kawo wani ya riƙe wutar."

"Teburin leda," ta ce. "Can na fara ai."

"Na sani, Gwaggo."

Ta koma bakin wutarta. Amma duk hanyar gida abin yana cin ta. A mayar da mutum inda ya fara, kamar an ce masa duk shekarun da ke tsakani bai yi su ba ne.

Autarta ce kaɗai ta rage a gida. Tana aiki a shagon gyaran gashi, a wani bene da ke tsakiyar gari. Da yamma ita ke cire wa uwar riga, domin hannun ba ya fita shi kaɗai. Tana jan hannun rigar a hankali ta ce:

"Inna, a ƙasan shagonmu akwai wurin da ake sa mutane a jan haske. Gado ne mai fitilu ja sama da ƙasa, a kwanta a ciki duk jiki. Masu ciwon gaɓoɓi suna zuwa. Na yi magana da mai kula da wurin, ƙawata ce, ta ce in kawo ki."

"Allura ake yi?"

"Babu allura. Kamar gashi dai, irin wanda ake yi wa masu ciwon baya a asibiti."

Kalmar nan ita ta shawo kan Ta Bakin Wuta. Da an ce mata wani suna ne daban da ba ta je ba. Amma gashi, ai sana'arta ce. Ta san abin da wuta take yi wa abu ɗanye, ta kuma yarda tun tana yarinya cewa maganin da bai yi zafi ko ɗaci ba ruwa ne kawai.

Washegari labari ya kai kunnen mai kwaɓi, abokin tsokanarta, wanda suka tsufa tare a cikin garin fulawa.

"Ikon Allah," ya ce, yana danna ƙullu. "Uwa na gashin burodi, 'ya na gyaran gashi, yanzu kuma uwar za a gasa. Ta Wuta, ki ce su juya ki kada gefe ɗaya ya ƙone."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ta Bakin Wuta nake, ba ta cikinta ba. Kai ka ji da ranka."

"A shafa miki mai a gwangwanin, kada ki manne."

Ta je bayan an tashi daga aiki, ƙafafunta suna zugi. Wurin sanyi ƙalau, yana ƙamshin sabulu, ga madubi a kowane bango. Ta ga wata tsohuwa mai kwantaccen wuya a madubin, sai da ta ɗan tsaya kafin ta gane kanta. Mai kula da wurin yarinya ce sa'ar Auta, sanye da farar riga. Ta tambaye ta ko tana shan wani magani mai sa fata ta ƙi haske, ko tana da wani ciwo a fata ko a ido, ko ta shafa mai a jiki. Sannan ta ɗan yi murmushi.

"Mama, ki yi haƙuri, dole ne in tambayi kowa. Babu juna biyu dai ko?"

"Yarinya, juna ɗayan ma da ƙyar nake ɗauke da shi."

Aka kai ta wani ƙaramin ɗaki. Gadon yana tsakiya, dogo, da murfi a ɗage kamar bakin akwati. Yarinyar ta yi bayani da sauri irin na wanda ya faɗi abu ɗaya sau da yawa a yini: ta rage kaya iya yadda za ta iya, ta sa ɗan baƙin tabarau ɗin nan, ta kwanta, ta jawo murfin, in lokaci ya cika fitilun za su mutu da kansu. Ta Bakin Wuta tana ta cewa to, to, amma rabin hankalinta yana kan maganar rage kaya. Yarinyar ta danna wani abu, ɗakin ya rine ja wur, ta fita ta ja ƙofa.

Ja ne irin na garwashin da ya gama ci. Ta rage kaya, ta bar ɗaurin ƙirji, ta matsa kusa. Sai ta yi abin da hannunta ya saba yi. Ta miƙa bayansa cikin gadon.

Babu zafi. Ɗan ɗumi ne da ko man shanu ba zai narkar ba.

To, bai yi ba tukuna. Ta sauke murfin don kada ɗan zafin ya tsere, ta koma kan ɗan bencin da ke gefe ta zauna tana jira. Can ta tashi ta ɗaga ta gwada, ta sake rufewa. A ranta tana cewa yarinyar nan sabuwar hannu ce, ta kunna abu ba ta ba shi lokaci ba. Tana zaune da tabarau a goshi, sanyin ɗakin yana ratsa ta, fitilun suka mutu.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. "Mama, an gama. Ya kika ji?"

"Me aka gama? Ko shiga ban yi ba. Abin naku bai ɗauki zafi ba."

Auta, da ta sauko daga shago don ta raka ta gida, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya. Yarinyar kuwa ta daure, ta shigo ta durƙusa a gabanta.

"Mama, iyakar zafinsa ke nan. Haske ne kawai, ba wuta ba ce."

"To da me zai gasa?"

"Ba abin da za a gasa."

Ta Bakin Wuta ta juya ta dubi 'yarta. "Ke kika ce min gashi."

"Inna, cewa na yi kamar gashi."

"Kamar. Ku yaran yanzu komai naku kamar ne."

Yarinyar ta yi mata bayani a karo na biyu, wannan karon a hankali. An ce hasken yana ɗan shiga ƙarƙashin fata, shi ya sa ake rage kaya. Ba ya ƙuna, ba ya sa fata ta yi baƙi. Ba a jin komai a ranar farko, sai an yi ta zuwa na makonni.

"Kuma gaskiya, Mama, wasu suna cewa sun ji sauƙi, wasu ba sa jin komai. Ba zan yi miki alkawari ba. Kafaɗar nan ki kai ta likita ya gani."

Akwai mai jira a waje, don haka sai wata rana.

Ta so ta ƙi komawa. Amma ƙarshen wata yana matsowa, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Da ta koma ta kwanta, gilashin gadon ya ɗan yi mata sanyi a baya kafin ya ɗauki ɗumin jikinta. Ta jawo murfin da hannun hagu, ta bar 'yar kafa, domin ba ta son abin ya yi kama da abin da ya yi kama da shi, wato kabari. Wata fanka tana hurawa can wajen ƙafafu. Duk da tabarau, jan yana zagayowa ta gefe ya cika mata ido.

Ta kwanta a sanƙare tana jiran wani abu ya faru. Hancinta yana ta neman ƙaurin abin da ya fara ƙonewa, kunnenta yana jiran a kira ta. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa kasancewa kusa da abu ja haka ba sai tana gadin sa. A nan kuwa babu abin dubawa, babu abin juyawa. Ɗumin ya bi bayanta a hankali, kamar rana ta safe a kan tabarma. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Sai ji ta yi ana taɓa ƙafarta.

"Mama, har da minshari."

"Ni ba na minshari," ta ce, tana laluben zane.

Aka ba ta ruwa ta sha. Jikinta ya yi laushi, kafaɗar kuwa tana nan yadda take.

Haka ta riƙa zuwa, wani lokaci kullum, wani lokaci ta tsallake in gajiya ta yi yawa, domin hawa mota biyu ne daga gidan burodin. Mai kwaɓi kullum sai ya leƙa fuskarta ya ce har yanzu da sauran ɗanye. Barcinta ya gyaru, ko don hasken ne ko don ta sami inda take kwanciya ba wanda ke neman ta, ita ma ba ta sani ba. Ƙugunta ya rage riƙewa da safe. Ta je asibiti kamar yadda aka ce, likita ya ɗaga hannun ya sauke, ya ce jijiyar kafaɗar ce ta gaji, ya nuna mata motsa jikin da za ta riƙa yi a jikin bango, ya kuma ce kada ta ɗaga abu mai nauyi sama da kanta. Ta tambaye shi har yaushe. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce su fara da hakan tukuna.

Ranar ƙarshen wata ta iso ta tarar da baƙo a tsaye kusa da buhunan fulawa, wani magidanci mai kaurin hannu. Ya gaishe ta har da rusunawa. Ɗan maigida yana bakin ƙofa yana yi kamar waya yake dubawa. Mai kwaɓi ya duƙufa a kan ƙullunsa.

Ta cika hawa na ƙasa. Ta cika na tsakiya. Ta ɗauki tiren hawa na sama da hannu biyu, ta ɗaga shi zuwa ƙirji, zuwa haɓa. A nan hannun daman ya tsaya, yana karkarwa, gwangwanayen suna ƙara a kan ƙarfe. Ta san dabarar goshi tana nan, kuma wataƙila ta yi yau. Ta tsaya haka tana kallon cikin tanderun, zufa tana shiga mata ido.

Sai ta sauke tiren a hankali ta ajiye a kan tebur.

"Malam," ta ce wa baƙon, "zo ka sa wannan. Gefen hagu na sama ya fi ci, ka riƙa duba shi da wuri."

"To, Inna."

Ɗan maigida ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannun hagu. Ta wanke fuska a famfo, ta nufi teburin leda. Matar da ke wurin, wadda suke ce wa Yaya, ta matsa mata, ta jawo wata kujerar roba ta kakkaɓe da gefen zane. Kujerar tana fuskantar tanderun.

Ta Bakin Wuta ta zauna. Ƙafafunta suka yi wani irin tsami na abin da bai saba samun hutu da safe ba. Tana kallon baƙon ya buɗe ƙofa ya bar ta a buɗe fiye da kima, har ta yunƙura za ta miƙe, sai ta koma.

"Yaya, taya ni juya kujerar nan ta kalli bango."

"Ba kya son ganin sa?"

"In ina ganin sa ba zan zauna ba."

Suka juya kujerar. Yaya ta tura mata damin leda gabanta.