Allurar da Hajiya ta ajiye mini

Shekarun baya, ina ɗauke da cikin fari, na tafka wata wauta da har yau idan na tuna ta sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Yelwa, ga takardar shaida, ga iyayi, ni ce mai yi wa yara wa'azin wanke hannu. Amma ashe ilimin nawa bai kai ƙofar ɗakin awo ba.

Surukata, wadda muke kira Hajiya, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ke duba masu ciki a ƙaramin asibitin unguwarmu. Kun dai san kunyar cikin fari. Ni tawa har ta yi yawa. Da zarar na ji sallamarta sai in ja zumbulelen hijabi in rufe ciki, wai kada ta gani, matar da ta shekara da shekaru tana karɓar haihuwa. Awo ma can wani asibiti nake tafiya, in hau babur in wuce nata kaina a sunkuye.

A shekarar tarin shiƙa ya shiga ƙauyukan bakin ruwa. Wata ranar Juma'a Hajiya ta zo gidanmu, ta zauna a tabarma, ta kau da kai tana kallon bango don ta sauƙaƙa mini.

"Ɗiyata," ta ce, "allurar da aka saba yi ma masu ciki ba ta tsare tarin ga. Na sa an aiko mini da wata daga birni, tana cikin firij. In anka yi maki ita yanzu, abin da ke cikinki zai samu kariya kafin shi kai ga tashi rigakafin. Ki taho ran Talata, kin jiya?"

Na ce, "To, Hajiya." Muryata ko sauro ya fi ta ƙarfi.

Talata ta zo, na ce kaina na ciwo. Wata Talatar na ce muna jarrabawa. Gaskiyar ita ce ba zan iya zama a bencin masu ciki ba, surukata ta kira ni gaban mata, ta naɗe mini hannun riga. Ga shi kuma, tunda yau ranar tonon asiri ce, ina tsoron allura tun ina ƙarama. Haka na yi ta zillewa har lokacin goyon ciki ya yi, aka kai ni gidan Inna a Wara.

A can na je awo, aka yi mini allurar da ake yi wa kowa. Da Hajiya ta bugo waya ta ce za ta ba direba waccan a cikin akwatin ƙanƙara, sai na ji bakina yana cewa, "A bar ta, Hajiya, an yi mini nan."

"Irin ta ce? Kin tambaya?"

"Irin ta ce."

Na san ba irin ta ba ce. Ta ce alhamdulillahi, akwai wata matar masunci da ta kusa, za ta yi mata.

Na haihu lafiya, ɗiya mace. Ranar suna gida ya cika maƙil, 'yan uwa daga tsibirai, kowa sai ya ɗauka ya yi mata addu'a, mai tari da marar tari. Tana da kusan wata ɗaya ta fara mura. Inna ta ce sanyin ruwa ne, muka ƙara mata riga. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na fito daga wankan jego na tarar tana wani irin tari jere da jere ba numfashi a tsakani. Sai ta yi shiru. Leɓɓanta suka yi duhu, ta saki jiki a hannuna. Na ƙwalla ƙara, Inna ta fizge ta tana bubbuga bayanta tana salati, har ta ja numfashi.

Ban san yadda muka iso Yelwa ba. Na dai tuna warin busasshen kifi a motar da maƙwabcinmu ya ɗauko mu, da yadda nake ɗora yatsa a hancinta duk bayan ɗan lokaci. A babban asibiti muka tarar da Hajiya da maigidana suna jira. Aka sa wa jaririya robar iska a hanci, likita ya ce tarin shiƙa ne, ya tambaya ko an yi wa uwar rigakafinsa.

Maigidana ya yi caraf ya ce, "An yi, ai Hajiya da kanta ta nemo."

Hajiya ta miƙo hannu ta karɓi katin awona. Ta duba gaba, ta juya baya, ta sake dubawa. Ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya, ta ninke katin.

"Ba a yi ba, likita," ta ce. "Sakacina ne. Na bari ta tafi ban yi mata ba, ban kuma bi sawu ba."

Ina tsaye a wurin ina ji, na bar ta ta ɗauki laifina. Likita ya ce ba a rantse cewa da an yi ba za ta kamu ba, amma da wuya abin ya yi wannan tsanani. Kwana goma sha wani abu muka yi a asibitin. Hajiya ta ɗauki hutu, ita ke tallabe yarinyar duk lokacin da tarin ya taso, ita ke kawo mini kunun kanwa tana cewa in sha don nono. Ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar ba. Allah Ya tashi kafaɗar yarinyar, ga ta nan yanzu ta fi ni baki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Maigidana ya mayar da zancen abin zolaya. Ko Sallah muka je gaisuwa sai ya ce, "Hajiya likitan gari, an yi ma kowa allura an mance da jika." Ita kuwa ta yi dariya ta ce, "Tsufa ne, ka bar ni." Ni ina gefe ina zuba abinci. Kullum in ce gobe zan faɗa, kullum kunya ta hana ni. Cikina na biyu da kaina na kai mata hannuna, ta yi mini allurar.

Yanzu na gane wannan ba kunya ba ce. Kaina nake karewa, na lulluɓe shi da sunan tarbiyya. Don haka masu cikin fari, ku je awo ko surukarku ce a kan kujerar, ku kuma buɗe baki ku tambayi wace allura aka yi muku da abin da take tsarewa.

Sai bayan Hajiya ta rasu, an yi sadakar arba'in, na zaunar da maigidana na faɗa masa komai. Na shirya wa faɗa, har da saki na sa a raina. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, hawaye na sauka a gemunsa, sannan ya ce, "Sau nawa na zolaye ta da maganar ga kina zaune?"

Na yi ƙoƙarin ƙirgawa, na kasa.